Kibod uku, kod ɗaya: yadda ake amfani da userspace a QMK

"Salam Malam. Ina da kibod guda uku masu QMK, Planck da Corne da wani 60% da nake aiki da shi kullum. Kowanne na rubuta masa keymap nasa daban, to matsalar ita ce duk sanda na canja makro ɗaya ko na gyara wata leya sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwafa ina liƙawa, yanzu har sun sha bamban ban ma san wanne ne daidai ba. Na ji ana maganar userspace, wai kod ɗaya zai yi wa dukkansu aiki. Ya abin yake, kuma ya kai a sha wahalarsa? Sannan Corne ɗin kullum sai ya ce min famwaya ta yi girma."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu biyu ka tambaya amma tushensu ɗaya: kana so ka rubuta halin kibod ɗinka a wuri guda, kowane allo, wato kowane kibod, ya ɗauka daga can, kuma kana so abin ya shiga cikin ƙaramin cip ɗin Corne ba tare da ya yi ƙorafi ba. Amsa a taƙaice e, userspace don irin matsalarka aka yi shi, kuma mai kibod uku ya riga ya wuce lokacin da ya kamata ya koma kansa. Amma akwai abin da nake so ka riƙe tun daga farko, domin shi ne ke raba wanda ya ji daɗin tsarin da wanda ya ƙara wa kansa ciwon kai: abin da yatsunka suka saba shi ake rabawa, abin da ya shafi jikin allon kuwa a bar wa allon kayansa.

Yadda QMK ke haɗa famwaya

QMK famwaya ce, wato manhajar da ke zaune cikin cip ɗin kibod tana sarrafa maɓallansa. Reshe ne da ya fito daga TMK, famwayar da Jun Wako ya rubuta, Jack Humbert ya faɗaɗa ta saboda kibod ɗinsa na Planck, daga baya ta zama aikin jama'a da ke ɗauke da dubban alluna. Da yaren C aka rubuta ta. Duk sanda ka buga `qmk compile -kb crkbd/rev1 -km sunanka`, tsarin ginin yana tattaro kod daga wurare daban-daban ne ya narka su su zama fayil ɗaya: zuciyar QMK kanta, sai foldar allon inda aka bayyana ƙafafun cip da yadda aka jera maɓallai, sai foldar keymap ɗinka, wato inda ka faɗi aikin kowane maɓalli, mai fayiloli uku da ka sani, `keymap.c` da `config.h` da `rules.mk`.

Userspace wuri ne na huɗu da aka ƙara a wannan jerin. Ka buɗe folda `users/sunanka/`, to duk keymap ɗin da sunansa ya zo ɗaya da sunan foldar nan, a kowane allo yake, tsarin zai jawo abin da ke ciki da kansa ba sai ka ce masa komai ba. In kuma kana da keymap mai wani suna daban, misali kana da iri biyu a kan Planck, sai ka sa `USER_NAME := sunanka` a `rules.mk` na wannan keymap ɗin, shikenan ya gane.

A da mutane suna tura foldodinsu cikin babban rifo na QMK, wato ma'ajiyar kod ɗinta, shi ya sa in ka ci karo da tsoffin bayanai za ka ga ana cewa ka je `users/` ka kwaikwayi na wane da wane. An daina haka. Tun sabuntawar Nuwamba 2023 aka kawo abin da suke kira External Userspace, wato ka yi fok, kwafi naka na kanka ke nan, na rifo mai suna `qmk_userspace` a GitHub, ka ajiye kayanka a can su kaɗai, sannan ka nuna wa QMK inda suke da `qmk config user.overlay_dir=` ka bi shi da adireshin foldar. A cikin rifon naka za ka maimaita tsarin foldodi irin na QMK, `keyboards/crkbd/rev1/keymaps/sunanka/` da `users/sunanka/` da sauransu. Ni wannan hanyar nake ba kowa shawara, don kayanka ba sa cakuɗuwa da na QMK, ranar da za ka jawo sabon kod daga wajensu babu rikicin haɗe rassa. Ƙari a kan haka, in ka yi rajistar allunanka da `qmk userspace-add`, to `qmk userspace-compile` zai gina duka ukun a bugu ɗaya, kuma GitHub Actions na iya yi maka ginin duk sanda ka tura canji, ka sauke fayilolin kawai.

Me zai koma can, me zai tsaya

Fara da sunayen leyoyi, wato shafukan da ake sauyawa tsakaninsu, maɓalli ɗaya ya yi aiki daban a kowanne. Ka rubuta `enum` ɗinsu, wato jerin sunaye da C ke ba kowanne lamba, sau ɗaya a `sunanka.h`, yadda leyar lambobi za ta zama lamba ɗaya a duk allunan. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ne ginshiƙi, domin duk kod ɗin da ke cewa "in ana kan leyar kaza yi kaza" ya dogara da lambar ne, in Planck na kiranta 2 Corne na kiranta 3 to ka ga an fara samun abin mamaki. Ka tuna kuma `LT()` leya 0 zuwa 15 kawai yake iya kaiwa, don haka waɗanda kake shiga ta hanyar danne maɓalli ka ajiye su a ƙasa.

Sai maɓallan da ka ƙirƙira da kanka, irin na makro, wato maɓalli ɗaya da ke aika jerin dannawa. Su ma `enum` ne, ka fara shi daga `SAFE_RANGE`, sannan a ƙarshen jerin ka ƙara wani suna kamar `NEW_SAFE_RANGE`, wanda kowane keymap zai fara nasa na musamman daga nan. In ba ka yi haka ba, makron Corne da makron userspace za su iya samun lamba ɗaya, ka danna wannan wancan ya fito, kuma kwamfaila, wato manhajar da ke gina kod ɗin, ba zai ce maka uffan ba saboda a wajensa ba laifi ba ne.

Sai saitunan lokaci irin su `TAPPING_TERM`, lokacin da ke raba taɓa maɓalli da danne shi, wanda asalinsa milisakan 200 ne, da `PERMISSIVE_HOLD` da makamantansu in kana sa Shift da Ctrl a layin tsakiya. Waɗannan halin yatsunka ne ba halin allo ba, su tafi `users/sunanka/config.h`. Kula, `config.h` na ce, ba `sunanka.h` ba. Mutane da yawa na zuba `#define` ɗinsu a `sunanka.h` su yi ta mamakin me ya sa ba abin da ya canja, alhali fayil ɗin ba ya shigowa da wuri yadda zuciyar QMK za ta gan shi.

Abin da zai tsaya a foldar kowane allo kuwa: zanen ƙaramin allon OLED na Corne, sautin Planck, lambobin fitilun RGB, abin murɗawa in akwai, da jeren maɓallan gefe. Za ka iya cusa su a userspace ka kewaye su da `#ifdef KEYBOARD_crkbd_rev1`, QMK na samar da irin waɗannan sunaye da kansa, kuma wuri ɗaya ko biyu ba laifi. Amma na sha buɗe userspace na mutane in tarar rabinsa `#ifdef` ne cikin `#ifdef`, mai shi ma sai ya yi minti biyar kafin ya gano wane layi ke aiki a wane allo. Wannan bai rage kwafe-kwafe ba, ya dai tara rikicin a fayil ɗaya ne.

Matsalar fankshin ɗaya a wuri biyu

Nan ne kusan kowa ke fara cin karo da eror. QMK na ba ka ƙofofi da suke ƙarewa da `_user`, irin su `process_record_user` da `layer_state_set_user` da `keyboard_post_init_user`. Kowacce sau ɗaya tak ake rubuta ta a famwaya guda. To in ka kai `process_record_user` cikin `sunanka.c` alhali tana nan a `keymap.c`, ginin zai tsaya ya ce an bayyana abu ɗaya sau biyu. Maganin shi ne userspace ya riƙe ta `_user`, sannan ya buɗe wa keymap wata sabuwar ƙofa:

```c
__attribute__((weak))
bool process_record_keymap(uint16_t keycode, keyrecord_t *record) {
    return true;
}

bool process_record_user(uint16_t keycode, keyrecord_t *record) {
    if (!process_record_keymap(keycode, record)) {
        return false;
    }
    switch (keycode) {
        // makro na gama-gari a nan
    }
    return true;
}
```

Wannan `weak` ɗin ma'anarsa ga fankshin na wucin gadi, in wani ya rubuta mai irin sunansa a wani wuri to a ɗauki nasa a bar wannan. Don haka allon da ba shi da wani abu na musamman ba sai ya rubuta komai ba, wanda yake da shi kuma ya canja sunan tsohuwar `process_record_user` ɗinsa zuwa `process_record_keymap` kawai. Ni ina kiran ta keymap a farko kamar yadda ka gani a sama, saboda ina so allo ya iya ƙwace wani maɓalli ya yi masa nasa fassarar kafin kod na gama-gari ya taɓa shi. Wasu a ƙarshe suke kiranta, duka suna aiki, ka dai san wanne ka zaɓa. Kar ka manta da `SRC += sunanka.c` a `users/sunanka/rules.mk`, in ba haka ba fayil ɗin na nan zaune ba wanda ya gina shi.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyewa. Kombo, wato danna maɓalli biyu tare su ba da wani abu, da tap dance (aikin maɓalli ya canja gwargwadon yawan taɓa shi) da key override (canja abin da maɓalli ke bayarwa in an haɗa shi da irin su Shift), sababbin QMK suna ƙirga yawansu ne ta hanyar leƙa cikin `keymap.c` kai tsaye. In ka kwashe jerin `key_combos` ka kai `sunanka.c` ka sa shi a `SRC`, abin ba zai tafi daidai ba domin mai ƙirgar ba ya ganinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye jerin a fayil nasa daban a userspace, sannan kowane `keymap.c` ya jawo shi da `#include`. Akwai kuma `INTROSPECTION_KEYMAP_C` da ake sawa a `rules.mk` don wannan aikin, amma ga mai keymap na C `#include` ɗin ya wadatar.

Raba jeren haruffan kansu

Wannan shi ne sashen da ya fi daɗi kuma ya fi saurin wuce gona da iri. Allunanka ba girmansu ɗaya ba: Corne maɓalli 42, Planck layi 4 sau 12, shi kuma 60% na ANSI maɓalli 61. Abin da suka haɗu a kai shi ne tsakiya, layi uku, biyar hagu biyar dama, maɓalli 30 ke nan. To wannan tsakiyar ake rubutawa gunduwa-gunduwa a `sunanka.h`:

```c
#define HAGU_1 KC_Q, KC_W, KC_E, KC_R, KC_T
#define DAMA_1 KC_Y, KC_U, KC_I, KC_O, KC_P
```

sai a keymap na Corne ka rubuta `KC_TAB, HAGU_1, DAMA_1, KC_BSPC` a layin farko. Da ka gwada haka kai tsaye za ka sha eror mai cewa adadin abin da ka ba `LAYOUT` bai kai ba. Dalili shi ne C na ƙirga abubuwan da ke cikin baka kafin ya warware `HAGU_1`, sai ya ɗauke shi abu ɗaya maimakon biyar. Ana kauce wa wannan da ɗan mayafi, `#define LAYOUT_nawa(...) LAYOUT_split_3x6_3(__VA_ARGS__)`, wanda ke tilasta a warware su tukuna sannan a ƙirga. Kowane allo da nasa mayafin, tunda sunan `LAYOUT` ɗinsu ya bambanta.

Ra'ayina a nan, Planck da Corne su raba duk leyoyinsu ta wannan hanya, domin dukkansu maɓallansu a jere suke sama da ƙasa, abin da hannu ya koya a ɗaya yana aiki a ɗayan. Shi 60% ɗin kuwa kar ka matsa masa. Yana da layin lambobi nasa, layukansa a karkace suke, babban yatsa kuma sanda ɗaya doguwa gare shi maimakon maɓalli uku-uku. In ka ce dole sai leyar alamominka ta Corne ta zauna a kansa za ka ƙare da abin da ba ka amfani da shi. Ba shi haruffa da makro da saitin lokaci, sauran ya yi zamansa yadda yake. Tela ma awon kafaɗa yake ɗauka daga tsohuwar riga, ba ya cewa dole tsawon ya zo ɗaya.

Misali mai kyau na abin da ya dace da userspace ɗari bisa ɗari shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ka kunna `UNICODEMAP_ENABLE`, ka rubuta teburin sau ɗaya, ɓ 0x0253 da Ɓ 0x0181, ɗ 0x0257 da Ɗ 0x018A, ƙ 0x0199 da Ƙ 0x0198, sannan `UP()` ya haɗa ƙarami da babba a maɓalli ɗaya yadda Shift zai zaɓa. Sai dai ka sani kibod ba ya aika harafin kansa, jerin dannawa yake aikawa wanda kwamfutar za ta fassara, kuma kowace da nata salon: Linux ta hanyar Ctrl+Shift+U, macOS sai ka kunna Unicode Hex Input, Windows kuma mafi kwanciyar hankali ka sa WinCompose. Salon da ka zaɓa a EEPROM na kowane allo yake zama, wato ƙaramar ma'ajiyar saitunansa da ba ta gogewa in an cire wuta, don haka ko kod ɗin ɗaya ne sai ka saita kowanne da `UC_NEXT`.

Batun famwaya ta yi girma

Tunda ban ga allonka ba zan ɗauka Corne ɗin na kan Pro Micro ne ko ɗan'uwansa mai cip ATmega32U4, don shi ne ke yawan wannan kukan. Filash ɗinsa, wato wurin da famwaya ke zama, 32KB ne gaba ɗaya, butloda mai karɓar sabuwar famwaya ta cinye 4KB, abin da ya rage maka bayit 28,672. Planck daga rev6 kuwa cip ɗin ARM gare shi mai wuri ninkin-ba-ninkin wannan, shi ya sa ba ka taɓa jin bakinsa ba. To ka lura, userspace zai iya ƙara tsananta matsalar in ba ka yi hankali ba, domin duk abin da ka kunna a `rules.mk` na gama-gari ya hau kan kowa har da mai ƙaramin ciki.

Abin da ke taimakawa shi ne sanin cewa `rules.mk` na userspace bayan na keymap ake karanta shi. Wato in ka rubuta `RGBLIGHT_ENABLE = yes` a can, ya danne duk abin da keymap ya ce. Don haka a bar kowane keymap ya kunna abin da allonsa zai iya ɗauka, shi userspace ya duba kawai:

```make
ifeq ($(strip $(OLED_ENABLE)), yes)
    SRC += oled_nawa.c
endif
```

Haka a cikin C, ka kewaye kod ɗin da `#ifdef OLED_ENABLE` da makamantansa. Irin wannan `#ifdef` na fasali ya fi na sunan allo tsabta nesa ba kusa ba, domin gobe in ka ƙara allo na huɗu ba sai ka taɓa userspace ba.

Sannan a Corne ɗin ka sa `LTO_ENABLE = yes`, sau da yawa shi kaɗai yana dawo maka da wuri mai yawa. Kashe `CONSOLE_ENABLE` da `COMMAND_ENABLE` in ba kana bibiyar matsala ba, kashe `MOUSEKEY_ENABLE` in ba ka motsa linzami da kibod. Salon walƙiyar RGB su ne manyan masu cin wuri, bar ɗaya ko biyu da kake kallo da gaske. In leyoyinka ba su wuce 8 ba ƙara `#define LAYER_STATE_8BIT`. In duk ka yi wannan bai isa ba, kuma cip ɗin a soket yake ba a like da dalma ba, to sauya shi da mai RP2040 mai ƙafafu irin na Pro Micro, QMK na da `CONVERT_TO` don wannan, kuma filashin ɗinsa, wato ɗora masa famwaya, jan fayil ɗin UF2 ne kawai ka jefa kamar a filas na USB. Sai dai shi a 3.3V yake aiki ba 5V ba, ka duba fitilunka da OLED za su yarda kafin ka saya.

Inda tsarin ke tsayawa

In ɗaya daga cikin allunan na da VIA ko Vial a kunne, wato tsarin canja maɓallai daga kwamfuta ba tare da sake gina famwaya ba, jeren maɓallan da yake bi yana cikin EEPROM ne, ba lallai abin da ke `keymap.c` ba. Za ka iya yin filashin sabon kod ka ga leyoyi ba su canja ba ka ɗauka userspace ne bai yi aiki ba. Goge EEPROM da `EE_CLR`, ko ka danne maɓallin sama na hagu lokacin da kake soka waya in Bootmagic na kunne. Gaskiya ni in mutum ya koma rubuta komai a kod, ina ganin gara ya kashe VIA ɗin gaba ɗaya, wuri biyu na gaskiya shi ne ainihin abin da kake gudu.

Wasu kamfanoni kuma, musamman masu alluna marasa waya, suna riƙe da nasu reshen QMK daban wanda yake baya da na asali. In 60% ɗinka irin wannan ne, kod ɗin da ke amfani da sababbin sunaye zai iya ƙin ginuwa a can. Allo mai ZMK kuwa, wata famwayar kibod da ba QMK ba, wata duniya ce, a kan Zephyr yake kuma da devicetree ake rubuta keymap ɗinsa, kod ɗin C na QMK ba ya shiga can ko kaɗan, tsarin kawai za ka kwaikwaya da hannu.

QMK kanta tana kawo manyan canje-canje sau huɗu a shekara, wajen ƙarshen Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba, kuma a nan ne sunaye ke canjawa, kamar yadda `RESET` ya koma `QK_BOOT`. Da kod ɗaya, gyara ɗaya ya wadatar wa duka, amma kuskure ɗaya ma yana kama duka. Shi ya sa nake cewa ka tsayar da rifonka a kan sigar QMK guda da ka san tana aiki, ka matsa gaba lokacin da kake da sararin karanta bayanin canjin, kuma kar ka yi wa allunan uku filashin a zama ɗaya. Fara da wanda ba ka dogara da shi ba, ka yi rubutu da shi kwana biyu tukuna. Ka tabbata kuma `QK_BOOT`, maɓallin da ke shirya allo ya karɓi sabuwar famwaya, na cikin wata leya ta gama-gari, don kar ka wayi gari kana kwance sukurori kana neman botin ɗin riset a ƙasan allo.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kar ka sa fasuwod a makro. Rifon userspace yawanci a buɗe yake ga kowa, ko ka goge layin daga baya yana nan a tarihin git, kuma ko ba rifo duk wanda ya zauna gaban kibod ɗin ya buɗe wurin rubutu ya danna maɓallin ya gani.

Wajen ƙaura kuma kar ka kwashe komai rana ɗaya. Zaɓi keymap ɗin da ka fi yarda da shi a cikin ukun ka ce shi ne asali, ka fitar da `enum` na leyoyi da na makro tukuna ka gina duka uku, sannan `process_record_user`, ka sake ginawa, sannan `config.h`, jeren haruffa su zo ƙarshe. Kowane mataki ka yi masa komit nasa, yadda in wani abu ya lalace `git diff` zai nuna maka layuka kaɗan ne maimakon fayil biyar. In ka kai matakin kombo ya ƙi, turo min saƙon eror ɗin gaba ɗayansa tare da `rules.mk` guda biyun, na keymap da na userspace, yawanci a nan matsalar take.